Mai Shelar da Ya Sa Kai a Rumbu

Kakata Iya Tabawa ba ta fara tatsuniya sai ta kwashe tuwo, garwashin murhu ya yi jajir. A Gagarawa ke nan, muna yara. Takan ce, "Ga ta nan ta iso, mai gyangyaɗi ya ba ta wuri."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wani mai shela, gwanin son jin muryarsa. Wuta ta kama karan dawa a bayan gari, aka ce ya sanar. Ya yi kira a fili, iska ta tafi da muryar, abin bai gamsar da shi ba. Sai ya zura kai cikin rumbun da babu hatsi ya kwarara ihu. Murya ta dawo masa kamar tsawa, ya ce, "Yau na yi shela!" Kara ya ƙone ƙurmus, ba wanda ya fito da ko moɗa.

Iya ta dungure mini kai. "Ka ji ko, maigidan? Muryar da ta dawo maka ba ta je wa kowa ba."

Yanzu ni ke kula da injin watsa shirye-shirye a wata ƙaramar tashar rediyo wajen Gumel. A jikin wayar da ke hawa eriya akwai mita. Aikinta irin na mai sayen gero a kasuwar Maigatari ne: ba ya zazzage buhu, kaɗan yake tsakura ya san saura. Ita ma kaɗan take tsakura daga ƙarfin da ke wucewa, ta mai da shi lantarkin da ke ɗaga allura. Akwai wata kibiya a jikinta: in ta kalli eriya, allura ta nuna ƙarfin da ya tafi. In aka juya ta, sai allura ta nuna wanda eriya ta ƙi karɓa ya dawo.

Wata damina, wata baiwar Allah ta kawo cigiyar mahaifinta, tsoho mai mantuwa, da ya ɓace a kasuwa. Aka yi ta karantawa, shiru. Manaja ya nuna mini allura. "Malam, ga ta can sama, ƙarfi ya cika."

Na juya kibiya. Allura ta sake miƙewa: ƙarfin dawowa yake yi. Ashe ruwa ya shiga mahaɗar waya, a rumbu muke ta shela.

Muka kashe injin, muka busar da mahaɗar, muka ɗaure. Da muka kunna, allurar ta kwanta luf, ba ƙarfin da ke dawowa, aka sake karanta cigiyar. Kafin la'asar wani mai shayi ya bugo daga Sule Tankarkar: "Baban naku na nan, yana ta koya mini dafa shayi." Matar ta zauna a ƙasa tana hamdala. Ni ma na taya ta.

Tun daga ranar, duk sa'ad da na yi jawabi na ji ya yi mini daɗi a kunne ƙwarai, sai in laluba in ji ko kaina a rumbu yake.