Tiya Uku na Kawu Garba

Duk wanda ya san Kawu Garba ya san buhun nan na kafaɗarsa, mai ƙara kwaram-kwaram tun kafin a hango shi. Tiya uku ne a ciki, kwanonin awon hatsi: ta Gaya nan Nijar, ta Malanbil can Dahome, da mudun Kamba na ƙasar Ingilishi, don har ya mutu bai yarda ya ce Najeriya ba. Da su yake zuwa suna, da su yake zuwa jana'iza. A masallaci ya bar takalmansa a waje, buhun kuwa yana gabansa.

Kuma kun san tambayarsa. Ka ce masa gero ya yi tsada, ya ce, "Na wace ƙasa?" Ka ce an ga wata, "Na wace ƙasa?" Ranar da na je masa da maganar aurena, ina sunkuye ina jin kunya, ban rufe baki ba ya jefo ta. Na ce 'yar Yelu ce, Kawu, nan bayanmu. Ya ce, "To, da sauƙi, ba duwan."

Su kansu 'yan duwan, wato kwastan, na bakin gadar Malanbil sun sha shi. Wani sabon zuwa ya tsare shi, ya zazzage buhun, ya ga kwanoni wayam, ya ce ya wuce. Kawu ya ƙi. Wai tunda an tsayar da shi, sai an yi aiki. Ya jawo garin rogon da mutumin ya sayo a Malanbil, ya auna a gabansa, ya ce, "Tiya biyar aka ce maka? Huɗu ne da tausayi." Daga ranar, in sun hango shi, sandar shingen suke ɗagawa tun yana tsakiyar gada.

Ni kuwa, ɗan ƙanwarsa, ni na fi kowa shan wahalarsa. Na dawo daga Faransa da takardata, na zo gaishe shi.

"Me ka karanto, Isufu?"

"Kasuwanci tsakanin ƙasashe, Kawu."

"Shekara biyar. Me ka sayar?"

"Ban sayar da komai ba."

"To me ka saya?"

Na nuna masa kwat ɗin jikina. Ya murza ta da yatsa biyu, ya ce, "An cuce ka."

Lokacin jami'ar Yamai sabuwa ce fil, aka ɗauke ni koyarwa na gwaji, shekara ɗaya. Shugaban sashenmu wani Anasara ne, Bature, shi zai sa hannu a riƙe ni ko a sallame ni. Sai rawar kai ta sa na ce zan kai ɗalibai Gaya su ga cinikin ƙasa uku da idonsu, shi ma ya ce zai biyo mu. Na aiko wa Kawu saƙo, na haɗa shi da Allah ya tafi gonarsa ta Bana ranar. Ya aiko cewa ya ji.

Ya ji ɗin! Muna sauka daga kamyo, babbar motar da ta kawo mu, na ji kwaram-kwaram a bayana.

Na kafa allona a wata rumfa cikin kasuwa, ɗalibai sun buɗe kayensu na rubutu, Anasara ya harɗe hannu. Na rubuta kuɗin tiyar gero a Gaya, a Malanbil, a Kamba, na ja layi, na ce ga shi ƙiri-ƙiri, mai hankali Malanbil zai kai geronsa. Da Faransanci nake yi, amma Kawu ya riga ya matsa wa wani ɗalibi, Hamidu, yana fassara masa a kunne.

"Mushe," in ji Kawu, don haka yake kirana, wai "Malam" da Faransanci, in zai ci mini fuska. "Tiyar nan taka, ta wace ƙasa?"

Na ce, "Kawu, tiya ai tiya ce."

Wallahi da na san abin da zai biyo baya da na haɗiye harshena. Ya kwance buhu. Ya cika ta Gaya da geron mai rumfar, ya juye a ta Malanbil, gero ya tsaya can ƙasa da baki. Ya ɗauka ya juye a mudun Kamba, ya cika ya zube har cikin takalmin Anasara. Ribar da na zana a allo, ashe girman kwano ne kawai. Ɗalibai suka tuntsire, masu awo suka taya su. Ni da ko sau ɗaya ban taɓa riƙe tiya ba, na ajiye alli na fice, na tsaya bakin kogi ina huci, ina lissafin inda zan nemi aikin akawu.

Ba a sallame ni ba. Na ɗauka takardata ce ta cece ni, na kuma yi shekara biyu ina gaishe da Kawu a tsaye. Shi ko a jikinsa. Duk zuwana sai ya ce, "Mushe, an fara sayar da wani abu?"

Shekaranjiya Hamidu ya zo ta'aziyya, da furfurarsa. Ya ja ni gefe ya ce akwai amanar da Kawu ya ɗora masa, yanzu ta sauka. Wai bayan na fice, Anasara ya ciro biro zai yi rubutu, Kawu ya riƙe masa hannu, ya ce wa Hamidu, "Gaya masa shiri ne. Ɗana ne ya ce in zo in yi haka, yana so yaran su gani da ido. Fushin ma shiri ne." Sa'an nan ya ce in Hamidu ya faɗa mini yana raye, bai yafe ba.

Mutumin da kuka sani, wanda bai taɓa danne gindin tiya ba don ya ci ƙwayar gero ɗaya ta wani, shi ya tsaya tsakiyar kasuwar Gaya ya shirga ƙarya saboda ni. Ni kuma ina gaishe shi a tsaye.

Buhun yana ɗakina, matarsa Inna Kadi ta ce ni ya bar wa. Allah ya yafe masa wannan ƙarya guda, ya ɗora mini ita in ta zama dole. Allah ya auna masa rahama da babbar tiya, ta Malanbil, a cika ta har ta zube. Amin.