Rundunar Ƙonannen Harshe

A gidanmu na unguwar Sersouf, tatsuniya ba ta farawa sai buta ta hau gawayi. Sanyin garin Tamanrasset ba ya wasa, shi ya sa da an idar da sallar isha'i sai mu dunƙule gaban murhu, ni da kakata Iya Gambo da yayana Lawali, mai dafa mana shayi. Wuni yake yi yana ɗaukar bulo a wurin gini, amma in ya ɗaga buta sama, ko ɗigo ba ya zuba a ƙasa. Sau uku ake zuba shayin nan: na farko ɗaci, na biyu dama-dama, na uku zaƙi zalla, na tsofaffi da yara. Iya kan ce masa, "Maigida, cika mini sukari, ko in yi yaji." Shi kuma ya ce, "Tsohuwar matar nan, ke za ki talauta ni."

Sai wata shekara Lawali ya canza. Ya bar gini, ya shiga bin wasu masu motocin da ke ratsa hamada ba fitila, waɗanda ake raɗe-raɗin suna tare matafiya da bindiga. Wasa ya ƙare. Da ya sha kofin farko sai ya miƙe, ya bar mana buta. Wallahi na tsani mutanen nan tun ban ga fuskarsu ba.

Ran nan yana fifita wuta, Iya ta ce, "Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri."

Na ce, "Ta zauna mu ji ta."

Ta ce can bayan duwatsun da rana ke faɗuwa akwai wani azzalumin sarki mai zaɓaɓɓiyar runduna. Sulkensu baƙi, raƙumansu ba sa barin sawu a rairayi. Ba sa ɗaukar rago, sai saurayin da garinsu ke alfahari da shi. Kafin a ba shi takobi, sai ya lashi ƙarfen da aka zaro daga wuta. Daga ranar ba ya ƙara jin zaƙin komai. Kuma garin da za a fara tura shi yaƙi, garinsu ne. Ɗaya daga cikinsu ya iso ƙofar uwarsa, ta gane tafiyarsa duk da sulken, ta fito da furar da ta saba dama masa da zuma. Ya kurɓa, ya ji toka. Ya ce, "Wannan ba uwata ba ce," ya cinna wa gidan wuta.

Na jira wanda zai zo ceto. Ashe nan tatsuniyar ta ƙare.

"Iya, harshen ba ya warkewa?"

Ba ni ta kalla ba. "Ban taɓa ji ba, 'yar nan. Abin da na sani, ba a danne kowa. Da ƙafarsa yake zuwa, da kansa yake miƙa harshen."

Lawali ya ajiye kofi, ya miƙe. "Iya, wannan zancen yara ne."

"To zauna ka zuba mini na uku, maigida."

Ya ɗan tsaya a bakin ƙofa, har na ɗauka zai juyo. Sai mota ta yi masa oda a waje.

Iya ta rasu ba ta sake ganinsa ba. Na daɗe ina jin haushinta: me ya hana ta riƙe rigarsa, ta yi kururuwa, ta tara unguwa? Tatsuniya kawai! Sai da na haifi nawa na gane tatsuniyar kaɗai ce abin da tsohuwar take da shi, kuma ta san ba za ta isa ba.

Bayan shekaru, ga Lawali a ƙofata da rana tsaka, ya rame, gemu ya fara furfura. Ban tambaye shi komai ba, don ina tsoron amsar. Na ɗora buta. Ya sha na farko, bai tashi ba. Ya sha na biyu. A na uku na zabga sukari irin na Iya, har na ƙara. Ya kurɓa, ya juya kofin a hannunsa, ya dube ni.

"Hadiza, kin manta sukari."