Mudi da Shanun da Ba a Ƙirgawa

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar yayana Mudi. Na daɗe ina cewa zan rubuta wani abu a kansa ina fasawa, domin duk wanda ya san shi ya san ba ya son yabo. Da ya ji an fara, sai ya tsiri neman takalminsa. Kewarsa tana nan, ba ta je ko'ina ba, amma ba ita kaɗai ta zaunar da ni yau ba. Tambaya ce take cina kullum na ɗauki waya na ga kowa ya zama mai ba da labari: da Mudi yana raye, me zai ce da wannan zamani, kuma me zamanin zai yi da shi?

Mu 'ya'yan malami ne. Mahaifinmu yana da makarantar allo a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, yana noman tumatir da albasa da rani kamar kowa a bakin kanal, wato babbar hanyar ruwan noman rani. Ya so Mudi ya gaje shi, Mudi kuwa ya sauke, ya yi boko a Kano, ya dawo gida da wata 'yar rikoda da wata magana da babu wanda ya gane: wai zai buɗe jarida a intanet. A farkon shekarun dubu biyu ake wannan, lokacin da mai wayar hannu a garinmu sai ya hau tudun kanal kafin ya samu sabis. Innarmu ta tambaye shi ina za a riƙa sayar da jaridar, ya ce ba a sayarwa. Ta tambaya a wace takarda za a buga, ya ce babu takarda. Ta dube ni ta ce in kawo masa fura, wataƙila rana ce ta buge shi a hanya.

Shafin ya sa masa suna Daga Bakin Kanal. Hujjarsa ita ce, manyan jaridu ba sa tunawa da mu sai tumatir ya yi tsada a birni ko an yi faɗa, kuma ko sun zo, da Turanci suke rubutawa, da mai kuɗi suke magana. Shi yana son muryar matan da ke turara shinkafa a cikin gida, da 'yan ƙwadagon tsinkar tumatir, da Fulanin da ke zaune a gefen gonaki. Sai ya ɗauki maganarsu, ya hau babur zuwa kafe, shagon intanet, a Kano, ya zauna yana jiran layi ya ɗora. Ni ce mai buga masa rubutu in ina hutun makaranta, saboda shi da yatsa ɗaya yake nema wa kowane harafi gida. Wanda ba shi da intanet, wato kusan kowa, yana samun labarin a wajen mai cajin waya, daga baya da wayoyi suka yawaita, ana tura murya daga wannan waya zuwa waccan.

Na sha yi masa tsiya cewa masu karanta shi ba su cika motar haya ɗaya ba. Bai taɓa musawa ba. Amma akwai rani ɗaya da shafin nan ya tsaya tsakanin wasu mutane da rasa mazauninsu, kuma shi nake son in ba da labari.

A yamma da garinmu akwai rugar wani dattijo, Buba. Iyayensa suna wurin tun kafin a haƙa kanal, kuma da ruwa ya zo gonaki suka kewaye su, sai suka zauna suna noma kaɗan suna kiwo. Shanunsa suna shan ruwa a wata magudana da ke kwashe rarar ruwan gonaki. A ranin nan tsutsa ta addabi tumatir, feshi ya yawaita, manoma kuma a saman magudanar suke wanke injin feshi da galan. Shanun Buba suka fara faɗuwa. Fulanin suka binne su nan da nan don kada karnuka da ungulu su ci, abin da daga baya ya zame musu matsala, tunda babu gawar da za a nuna.

Wani ɗan jarida ya zo daga birni, ya tsaya a bakin ruga da rana tsaka, ya tambayi Buba shanu nawa suka mutu. Buba ya ce waɗanda Allah ya ɗauka. Ya tambaye shi nawa suka rage, ya ce waɗanda Allah ya bari. Mutumin ya koma ya rubuta cewa makiyayin ya kasa faɗin ko da adadin abin da yake iƙirari, saboda haka zancen ba shi da tushe. Manoma, waɗanda dama tsoro ya kama su kada a ɗora musu laifi, suka ɗauki jaridar suka kai wa dagaci. Suka ce ga shi an tabbatar Bafillace ya yi musu ƙazafi, ga shanunsa suna tattake musu renon tumatir, zaman ya isa haka, a tashi rugar. Dagaci ya sa ranar zama. Cikin masu ƙarar har da Kawu, ƙanin mahaifinmu.

Mudi ya je rugar, kuma abin dariya, tambayar da ya fara yi ita ce dai ta ɗan birni. Ya dawo yana huci, wai yaya za a taimaki mutumin da ba ya son a taimake shi. Malam yana gyara alƙalami a zaure, bai ko ɗago ba.

"Kai da ka sha nonon rugar nan tun kana rarrafe," ya ce, "ka taɓa jin Bafillace ya ƙirga shanunsa a gaban mutane? Yana tsoron kambun baka, kuma a wurinsa faɗin adadi alfahari ne. Ko da wuƙa a wuyansa ba zai faɗa ba."

"To ta yaya yake sanin wata ta ɓata, Malam?"

"Je ka tambaye shi. Amma ba da rana ba, lokacin da shanu suke daji."

Washegari ya je bayan sallar asuba, lokacin tatsa, ni ma na bi shi don in sayo madara, in kuma ga ƙarshen abin. Nan na ga abin da na sha gani ban taɓa lura ba. Ba a kamo saniya a kawo ta, kiranta ake yi. Kowace tana da suna, galibi daga launinta, kuma in an kira sai ta ɗago ta taho. Mudi ya tsaya yana kallo har aka yi nisa, sannan ya matsa kusa da dattijon, ya nuna masa rikodar, ya nemi izini.

"Baffa, ban zo ƙirga ba," ya ce. "Wacece in ka kira yau ba za ta amsa ba?"

Buba ya juya ya fuskanci garken. Sai ya kira Wule, da irin muryar da yake kiranta kullum. Babu wadda ta ɗago. Ya ce ita ce 'yar Saige, jikar wadda aka ba shi ranar da aka yi masa aure. Ya kira Nyale, ya faɗi uwarta, ya faɗi wace shekarar fari ta tsallake. Haka ya yi ta kira yana dakatawa, kamar yana ba su lokacin amsawa, ana jin kukan maruƙa da ƙarar madara a cikin ƙwarya. Ni dai kuka na yi, ban ɓoye ba. Mudi kuwa bai kashe rikodar ba sai da dattijon ya ce shi ke nan.

Abin da har yau yake ba ni mamaki game da yayana shi ne bai ruga kafe ba. Daga rugar gonaki ya nufa, ya kunna wa manoma, ya ce su ma su faɗi nasu. Kawu ya zage shi tas, ya ce ɗan gida ya koma lauyan Fulani. Amma wasu sun yi magana, kuma gaskiya suka faɗa: babu wanda ya taɓa nuna musu inda za su wanke kayan feshi, kuma shanu suna shiga reno, mutum ya wayi gari wahalar wata guda ta tafi. Mudi ya ɗora duka biyun, bai rage wa kowa ba, bai kuma rubuta adadin shanu ba, ko da yake duk mai so yana iya lissafawa daga muryar. Na ce masa ya sa mana lamba a kanun labari don ya ja hankali. Ya ce mutumin ya ba shi sunaye ne, bai ba shi lamba ba.

Kafin ranar zama muryar ta zaga. An ji ta a teburin mai shayi a Bunkure, an ji ta wajen masu ɗaurin kwandunan tumatir. Wani ɗan garinmu da ke karatu a ƙasar waje ya ji ta a shafin, ya bugo wa mahaifinsa waya yana tambaya ko Wulen da aka ambata ita ce wadda ake kawo musu madararta. Ranar zaman dagaci ya sa aka kunna a ƙofar gidansa. Da ta ƙare ya ce shi dai ya daɗe yana shari'a, ya ga maƙaryata iri-iri, duk da adadi suke zuwa, bai taɓa ganin wanda ya ƙirƙiri uwar saniya da kakarta ba. Ba a tashi rugar ba. Aka ce wankin kayan feshi ya koma ƙasa da mashaya, Fulani kuma su yi shinge ta gefen reno. Babu wanda ya ce ya yi laifi, Buba bai nemi diyya ba, Kawu kuwa sai da damina ta faɗi kafin ya sake amsa gaisuwar Mudi.

Bayan 'yan shekaru zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana kaɗan ya cika. Shafin ya bi bayansa ba da daɗewa ba, tunda babu mai kula da shi, kuma yau ko ka nema ba za ka samu ba. Wannan ya daɗe yana yi mini ciwo.

Yanzu ina koyarwa a wata Islamiyya a Kura, kuma ɗalibaina suna nuna mini shafukan matasa masu kawo labarin ƙauyuka da Hausa, har da Fulatanci, ba tare da sun jira wani ya ba su izini ba. Na san Mudi zai yi murna, wataƙila har da ɗan kishi, shi da yake cin ƙurar hanyar Kano don ɗora murya ɗaya. Amma ina tambayar kaina ko zai iya da saurin. Yau abu yana faruwa da hantsi, kafin azahar an ɗora bidiyo, kafin la'asar an raba mutane gida biyu ana zagi. Kowa yana son adadi a saman labari, da jan rubutu. Shin akwai wurin mutumin da zai kwana da labari a aljihu don bai ji ɗaya ɓangaren ba? Wani lokaci ina ganin za a bar shi a baya, ana yi masa dariya. Wani lokaci kuma ina ganin irinsa ake nema, mutane ba su dai san sunan abin da suke nema ba. Ban yanke ba, kuma ina jin daɗin juya tambayar, don tana sa in ji kamar muna gardama da shi a zaure.

In an ce me ya rage nasa, babu shafi, babu littafi, hoto ma ɗaya ne, shi ma ya kau da kai. Abin da ya rage mutane ne da ke kwana inda iyayensu suka kwana. Buba ya rasu, amma rugar tana nan, an matse ta da gonakin shinkafa ta kowane gefe.

Makon jiya a kasuwar Bunkure wata mai tallan nono ta riƙe mini mayafi. Dije ce, surukar Buba, ta gane ni duk da tabarau. Bayan gaisuwa ta ce maganar tashi ta dawo: wani ya sayi gonar da ke bakin mashayarsu, an yi cacar baki, wani ya ɗauki bidiyo daga nesa ya ɗora, mutanen da ba su san hanyar garin ba suna ta cewa a kore su. Babu wanda ya zo ya tambaye su komai.

"Na san ɗan Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa," ta ce. "Ina tambaya ne ko ya bar wani."

Na fara cewa ni malamar makaranta ce, ba 'yar jarida ba. Ta ce ita ma ba ta san shi da jarida ba, ta san shi dai da zuwa da sassafe. Na dubi wayar da ke hannuna, wadda ta fi duk abin da Mudi ya taɓa riƙewa, wadda ban taɓa ɗaukar muryar kowa da ita ba sai karatun yara. Na tambaye ta ko har yanzu bayan asuba suke tatsa.

"Har yanzu," ta ce, tana ɗora ƙwaryarta a ka. "Ki zo da takalmin da ba kya so, an sako ruwan kanal, hanyar duk taɓo ce."