Littafin da Goggo Ta Ƙwace

Shekarar da gidanmu na Limawa ya cika da 'yan'uwa da suka gudo daga arewacin jiha, a shekarar na yi haukar wani littafi. Abokiyar aikina ce ta ba ni aronsa a ofis, bangonsa duk ya yage. Labarin wani jami'i ne da aikinsa shi ne lallashin masu garkuwa da mutane ta waya. 'Yan bindiga sun tsare mutane a wani asibiti, suka miƙa wa wata nas wayar ta riƙa isar da saƙo. Kwana tara suna magana, bai taɓa ganinta ba, ita ma ba ta taɓa ganinsa ba, har so ya shiga tsakaninsu.

Ni da nake da 'ya'ya uku, sai ga ni ina murmushi ni kaɗai kamar budurwa. A ofis cikin fayil nake cusa shi, mai shigowa ya ɗauka aiki ya sha mini kai. Sau biyu mai keke yana wuce kwanarmu ban ce masa ya tsaya ba. Abin da ya kama ni shi ne mutumin ba ya ɗaga murya. A zage shi, a yi masa barazana, sai ya ce, "Na ji. Waɗanda ke wurinka sun sha ruwa?" Idan aka mayar wa nas ɗin wayar kuma, sai ya tambaye ta ko ta samu ta runtsa. Nan nake kifa littafin a ƙirji in yi ta juyi.

Ranar wata Asabar na ƙona miyar kuka, tukunya guda, ta mutum goma sha. Goggo, yayar mahaifina, wadda ita ma gudun ya kawo ta, ta zo ta zare littafin daga hannuna ta soke shi a gefen zaninta.

"Ɓingel am," ta ce, haka take kirana da Fulatanci, wato 'yata. "Wannan abu shi ya cinye mana miya?"

"Goggo, saura kaɗan. Sun ce za su harbe likita idan azahar ta yi."

Ta tsaya. "Wane likita?"

Shi ke nan, ta faɗa. Goggo ba ta karanta boko, don haka ta kafa sharaɗi: littafi zai kwana a wurinta, kullum bayan la'asar ta fito da shi in karanta mata tun daga farko. Na roƙa, na marairaice, har na gwada salon jami'in, na sassauta murya na ce, "Na ji, Goggo." Ta ce in na ji to in je in kankare tukunya.

Kafin mako ya zagayo mun zama mu bakwai a gindin dalbejiya, har da maƙwabciyarmu mai sayar da awara. Goggo ce ke tsayar da karatu. Da Hausarta ta Yola da ba ruwanta da mace da namiji take cewa, "Yarinyan nan yana da wayo, shi ne mai aikin, wancan na waje surutu kawai." Muka rabu gida biyu, masu son jami'i da masu son nas, ana musu ana tafawa.

Sau ɗaya ne karatun ya kusa tsayawa. Na karanta inda shugaban 'yan bindigar ya saurari jami'in har ya kai aya. Goggo ta girgiza kai.

"Mai rubutun nan bai gan su ba. Waɗanda suka tare mu a hanya ba su bari ka gama magana."

Na rufe littafin, na ce ko mu bari. Ta gyara zama ta ce wa ya ce in tsaya, ai ita so take ta ji inda ake sakin mutane.

Aka kuwa sake su, a shafi na kusa da ƙarshe. Nas ta fito tana duban fuskoki, ba ta san wanda take nema ba, sai wani gajere mai sanƙo ya yi mata sallama, ta gane muryar. Ni hawaye, mai awara guɗa. Goggo kuwa cewa ta yi, "Gajere? Duk wannan murya?" Muka yi dariya har maigidana ya leƙo daga zaure yana tambayar ko lafiya.

Aka zaunar da shi, aka ba shi labarin a gurguje, baki bakwai a lokaci ɗaya, aka ce ya yanke hukunci: in shi ne uban yarinyar, zai ba wannan mutum? Ya shafa kansa, wanda shi ma gashin ya fara ja da baya, ya ce shi dai bai ga aibun sanƙo ba.

Goggo ta koma gida bayan hanya ta buɗe, tana can har yau da shanunta biyu. Na sake karanta littafin bara. Akwai wuraren da marubucin ya ja zance ba dalili, tsakiyarsa ma har gyangyaɗi na yi. Da na zo wurin sallamar nan kuwa, sai da na tashi na zaga tsakar gida sau biyu kafin na iya zama.