Hijabin da Inji Ba Ya Kamawa

Kullum da safe Hajiya Aina'u Alhassan na sauka daga adaidaita sahu a ƙofar wani kamfanin robobi da ke Challawa, ta tsokani masu gadi, ta wuce ɗakin injuna ta tsaya tana saurare. Cewa take inji kamar jariri ne, kukansa ke faɗin abin da ke damunsa. Ta daɗe ita kaɗai ce mace a sashen gyara. A wannan watan ta yi ritaya.

Abokan aikinta ne suka ba ni labarin Safiya, 'yar Panshekara da ta karanta injiniyan lantarki, kamfanin ya ɗauke ta aiki. Manaja ya ce ba mai kusantar inji da dogon hijabi, don bel ɗin da ke juya injin na iya fizgarsa har da mai shi. Gaskiyarsa. Mahaifinta, Malam Zakariyya, ya ce 'yarsa ba za ta tsaya cikin maza babu hijabi ba. Shi ma ba wanda ya ga laifinsa. Aiki na neman kuɓuce wa Safiya, sai kuka take.

Ita Hajiya ɗankwali take ɗaurewa tamau, amma ta san wannan ba zai gamsar da Malam ba. Ta ce, "Share hawayenki, 'yata. Mun gyara ƙarfe, yadi ne zai gagare mu?"

Ta zauna da tela suka ɗinka hijabi mai rufe wuya da ƙirji, wanda ake cusawa cikin rigar aiki, da maɓallai masu ɓallewa in an fizga. Don gwaji, ta sanya wa wani buhu shi, ta saƙala gefensa a bel manaja na kallo. Hijabi ya ɓalle, buhu ko gezau. Daga nan ta nufi Panshekara.

Malam ya jujjuya shi ya ce, "Hajiya, kun tabbata yana suturcewa?"

Ta ce, "Malam, ku kira mahaifiyarta ta gwada mana."

Ya yi dariya ya ce, "To, Allah ya yi albarka."

Yau Safiya ce ta gaji kujerar Hajiya, kuma har a masana'antun Sharada da Bompai na ga 'yan mata da irin wannan ɗinki. Wallahi daɗi ya rufe ni. Hajiya, ke ce kallabi tsakanin rawuna, amma ba ki yarda ki zama kallabi ɗaya tilo ba.

Ranar walimar bankwana, sai ga Malam Zakariyya da autarsa Firdausi, ɗalibar kimiyya. Ya ce, "Hajiya, kafin ku tafi, a auna wannan ma."

Mun gode, Hajiya, Allah ya ba ki hutu mai albarka. Iyaye da masu kamfanoni, ku yi koyi da ita, ku nemo wa 'ya'yanmu mata mafita kafin ku ce ba zai yiwu ba. Firdausi dai an riga an auna ta.