Furar Da Kawu Ya Ƙi Karɓa

Na ga abubuwa da yawa a rayuwa, masu daɗi da marasa daɗi, kuma akasarinsu sun bi iska. Amma ranar da muka je hawan dutse bayan an buɗe bodar Nijar, ita kam har in koma ga Mahaliccina ba za ta goge a zuciyata ba. Mun fita daga Jibiya da safe muna raha, mota cike da kuloli da tabarmi, muka dawo da yamma babu mahaifiyarmu a cikinmu, alhali tana raye, lafiyarta ƙalau.

Inna ba haifaffiyar Jibiya ba ce. Aure ne ya kawo ta daga wani ƙauye da ke tsallaken iyaka, cikin Nijar, a gindin wani baƙin dutse mai faɗin kai. A kan dutsen nan kakanninsu suka zauna zamanin yaƙe-yaƙe kafin su sauko ƙasa, har yau kufansu yana nan, da ramukan da mata suka bari a jikin dutse wajen niƙa. Kowace shekara da bazara, idan hadari ya fara haɗuwa a gabas amma ruwa bai sauka ba, duk wanda ya fito daga tsatson nan sai ya zo. Na Maraɗi su zo, na Katsina su zo, danginmu na Daddara da Mazanya su yi hayar mota. A hau dutse a yi wa magabata addu'a, a roƙi damina mai albarka, sannan a sauko a yanka awaki, 'yan mata su yi gaɗa, samari su yi kokawa har rana ta yi sanyi. Mu yara a lokacin, wannan rana ta fi mana Sallah.

Akwai wata al'ada da ba a tsallakewa. Bayan addu'a, babbar 'ya mace a gidan ita take dama fura a can saman dutse, ta miƙa wa babban namiji, sai ya sha kafin kowa ya sa wani abu a baki. Tun da na yi wayo, Inna ce mai damawa, Kawu kuma, ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne mai sha. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Kullum sai ya ce furar ta yi tsami, ita kuma ta ce bakinsa ne ya tsufa, a yi ta dariya.

Kawu yana da ɗa namiji guda, taubashina. Tare muka taso ana kai ni hutu wurinsu, ana kawo shi wurinmu. Ko da na yi aure na haihu bai daina tsokanata ba, in ya zo kasuwar Jibiya sai ya leƙo gidana ya ce baiwarsa ta fito ta ba shi ruwa. Manomi ne mai ƙwazo, bai daɗe da yin aure ba.

Sai aka rufe boda. Wanda bai zauna a garin iyaka ba ba zai gane abin da wannan yake nufi ba. Ƙauyen su Inna ya fi kusa da Jibiya a kan Maraɗi, don haka cefanensu da asibitinsu duk nan ne. Rana ɗaya aka wayi gari, tafiyar da ake yi a dawo kafin azahar ta zama sai an ratsa daji ta ɓarauniyar hanya, dajin kuma ga 'yan bindiga.

Cikin daminar shekarar nan Yaya, babban wanmu, ya shigo gidan Inna wata safiya ya ce Allah ya yi wa ɗan Kawu rasuwa. Ya ce zazzaɓi ne na kwana biyu. Inna ta ɗauki mayafi za ta bi daji a ƙafa, Yaya ya tare ƙofa yana ba ta haƙuri, ya ce Kawu da kansa ya ce kada a bar ta ta taso. Ta haƙura, ta yi gaisuwa ta waya. Abin da ta ji daga bakin Kawu bai wuce "mun gode" ba, sai ya kashe. Daga baya ma ya daina ɗauka. Muka ce zafin rashi ne, ɗa ɗaya tilo, a ba shi lokaci. Yanzu idan na tuna, nakan yi mamakin yadda ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa me ya sa Yaya, mai son surutu, yake tashi ya fita duk lokacin da aka ambaci sunan mamacin.

Da aka buɗe boda, bazarar farko Inna ta fara shiri tun saura mako biyu. Ta sa aka surfa mata gero, ta zaɓo citta da kanumfari da kanta, ta sayi turmin atamfa don matar mamacin, wadda ta haihu bayan rasuwarsa. Yaya ya yi ta kawo uzuri, yau mota ba lafiya, gobe kasuwa. Inna ta ce ko a bayan jaki ne za ta je, kuma shi zai ja akalar. Dole ya shirya.

A boda Inna har wasa ta yi da jami'in da ya leƙo motarmu. Ya tambaye ta ina za ta, ta ce gidan ubanta, wanda ya riga shingensa zuwa duniya. Ya yi dariya ya ɗaga mana ƙarfe. Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na safiyar nan ba. Tana ta nuna wa jikokinta gawo da kuka a bakin hanya kamar tsofaffin ƙawayenta.

Mun tarar da gari ya cika. Masu kalangu sun fara ɗumama fata, hayaƙin girki ya tashi ta ko'ina. Amma tun daga gaisuwa na ji wani abu ba daidai ba. Matan gidan suka rungume Inna suna kuka, da suka hangi Yaya sai kowace ta gyara mayafi ta kau da kai. Kawu kuwa aka ce ya riga ya hau dutse.

Hawan ya ba Inna wuya. Ina riƙe da hannunta, ƙwaryar fura tana kaina, muna tafiya muna hutawa, dutsen ya ɗauki zafi har ana ji ta cikin takalmi. Da muka isa, na ga Kawu zaune gaban jama'a a inuwar wani ƙaton falalen dutse. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Liman ya yi addu'a aka shafa. Inna ta zauna ta dama furarta a natse, ta ɗauka da hannu biyu, ta je gabansa ta durƙusa duk da ciwon gwiwa.

Kawu bai miƙa hannu ba. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi Yaya da ke tsaye can baya, sannan ya ce wa Inna, yayarsa, "Yaya, ki yi mani aikin gafara. Ba ni shan hurar da aka ɗauko cikin motar wanga yaro."

Inna ta tambaye shi me yaron ya yi. Sai a lokacin Kawu ya gane ba ta san komai ba, na ga fuskarsa ta canza, kamar ya so ya mayar da maganar. Amma magana ta riga ta fita, kuma Inna ba ta tashi daga durƙuson ba.

A gaban dangi kaf ya ba da labarin, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ba zazzaɓi ba ne. Maciji ne ya sari yaron a gona da la'asar. Kawu ya kira Yaya, saboda shi ne mai mota kuma ya san inda ake samun allurar dafi a Jibiya. Suka yi da shi za su kawo yaron a amalanke har mashigin gulbi, shi kuma ya tarye su ta wannan gefen. Yaya ya ce ga shi nan tafe. Mutanen gari sun ba Kawu shawara a nemi babur a nufi Maraɗi, ya ce a'a, ɗan 'yar'uwarsa yana hanya, nan ya fi kusa. Suka je mashigi suka zauna. Aka kira Yaya, ya ce ya kusa. Aka sake kira, waya a kashe. A nan bakin gulbi yaron ya cika, kansa bisa cinyar ubansa.

"Da ya ce mani ba ya iyawa, wallahi da ban riƙe shi ba," in ji Kawu. "Kowa ya san halin da hanya take ciki. Amma ya ce mani ga shi nan."

Inna ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali. Ta juya ta kira Yaya da sunansa na yanka, wanda ba ta taɓa faɗa ba saboda ɗan fari ne. Ta ce, "Gaskiya ne?"

Yaya ya durƙushe. Ya ce ya sayi allurar, ya tayar da mota, har ya fita gari, sai ya gamu da masu gudowa suna cewa an tare hanya an kwashi mutane. Ya tuna 'ya'yansa ƙanana, ya juyo. Kunya ta hana shi faɗa wa Kawu, ya yi ta cewa bari ƙura ta lafa ya sake fita, har ya kashe wayar. Yana magana yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ni kaina na san ba ƙarya yake ba game da hanyar, a wancan makon ma an ɗauke maƙwabcinmu. Ba na jin akwai wanda ya zarge shi da tsoro a cikin mutanen da ke wurin.

Inna ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta ce masa ashe haka ya bar ta tana yi wa ƙanenta gaisuwar zazzaɓi, tana jin haushinsa a ranta don ya daina ɗaukar wayarta. Wani dattijo ya ɗauki furar ya kurɓa don kada al'ada ta faɗi, aka fara sauka. A ƙasa kalangu ya ci gaba, samari suka shiga fili, don yawancin masu biki ba su san abin da ya faru a sama ba. Na zauna gaban akushin tuwo da naman akuya, na kasa kai loma. Inna tana ɗakin matar mamacin, ta ɗora marayan a cinya tana kallon fuskarsa.

Da la'asar sakaliya na je na ce mata mu tashi kafin a rufe hanya. Ta ce mu tafi. Na ɗauka kwana take nufi, na ce to gobe a zo a ɗauke ta. Ta girgiza kai ta ce, "Ɗana ya bar ƙanena zaune bakin gulbi yana jira. Ni ba zan bar shi ba. Ki aiko mini da kayana."

Na roƙe ta, matan gida suka roƙe ta, Kawu da kansa ya zo bakin ƙofa ya ce ta koma cikin 'ya'yanta. Ba ta motsa ba. Haka muka shiga mota, yara suna tambayar ina Kaka. A boda jami'in nan na safe ya leƙo yana murmushi, ya tambayi ina tsohuwa mai gidan uba. Yaya ya kau da kai, ni na ce ta tsaya ganin gida.

Yaya ya yi ta zarya da dattawa. Daga baya Kawu ya ce ya yafe don Allah, Inna ma takan amsa gaisuwar Yaya, ta tambayi iyalinsa. Amma ba ta sake kwana a Jibiya ba. Can ta zauna tana renon marayan, ni nake tsallakawa in gan ta, har ciwon ajali ya same ta, aka binne ta a gindin dutsen. 'Ya'yana ƙanana sun taso ba su san ɗumin ɗakinta ba. Ana hawan dutse har yanzu, an ce ma ya fi da cika, amma daga gidanmu ba mai zuwa. Yaya ya tsufa tun lokacinsa bai yi ba.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, ba laifi ba ne mutum ya ji tsoro, ko ya gaza. Amma idan wani ya rataya ransa a kan maganarka, to ka gaya masa gaskiya tun yana da sauran lokacin neman wata hanya. Tun daga ranar, in aka nemi abu wurina na san ba zan iya ba, nakan ce ba zan iya ba, ko da za a ji haushina. Na ga abin da "ga ni nan" ta ci a gidanmu.