Ranar da Na Sa Aka Cire Ƙwaƙwalwar Akwatin Yaya

Ba ni na kafa akwatin ba, gadonsa na yi, kuma mai shi yana raye. Yayana ne ya kafa shi a ɗan asibitin wani ƙauye da ke wajen Gidan Sori, lokacin yana da ƙafafunsa da bakinsa. Fari ne, bai fi farantin shayi faɗi ba, yana manne a bangon buro, wato ofishin majo, shugabar asibitin. Masu irin wannan sana'ar parfe suke ce wa akwatin. Shi ke tsaye a ƙofar rezo, wato intanet, kamar mai gadi, ya bar abin asibiti ya wuce, ya tare na banza. Ta cikinsa sakamakon gwajin jini ke zuwa daga Maradi. In ya mutu, sai mai ciki ta hau kabu-kabu ta je ta karɓo takardarta da kanta.

Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Yaya, ta ɗauke masa magana, aikin ya faɗo kaina, ni da ke koyar da ordinate, wato kwamfuta, a lakol a Gidan Rumji. Ɗan abin da na iya a wurinsa na koya, da faɗa da ranƙwashi. Ko a cikin akwatin bai ƙyale ni ba. Duk sanda na haɗa ordinate ɗina da shi, kafin komai sai layin da ya rubuta ya fito a baƙin allo: "Ke mai rawar kai, kar ki taɓa abin da ba ki sani ba." A da haushi yake ba ni. Bayan ya daina magana sai na riƙa buɗewa ko babu aikin yi, don kawai ya yi mani faɗa.

Wata safiya majo ta kira ni. Ta ce, "Ɗiyata, akwatin yayanki ya fara taurin kai. Jiya wuta ta ɗauke, da ta dawo sai da muka ga marasa lafiya goma kafin ya farka."

Na je na duba, na ga jajayen rubutu jere. Ƙwaƙwalwar da aka manna a kan allon kayan wuta da ke cikinsa tun daga masana'anta ce ta gaji. Shekaru yana rubuta mata duk abin da ya shiga da duk abin da ya fita, har ta suɗe. In ka ba ta sabon abu sai ta ce ta ajiye, ka dawo ka tarar babu. Kuma duk tsarin da Yaya ya yi, wace na'ura ke magana da wace, wace ƙofa ce a buɗe, a cikinta yake, ba a rubuce a ko'ina ba. Shi ne ya sani, kuma ba ya iya faɗa.

Na sa kile, ɗan makullin nan na ajiyar bayanai, don in kwafe tsarin. Na farko ya tsaya a rabi. Na biyu ma haka. Wallahi a na uku ban iya kallon allon ba, na juya ina ƙirga kwalaben magani a kanta. Majo ce ta taɓa ni ta ce ya gama.

Na yi zaton na wuce wurin. Na sa wa akwatin sabon disik, na zuba tsarin a kai, na kunna. Ina! Sai ya tsaya yana jiran tsohuwar ƙwaƙwalwar ta amsa, ita kuwa shiru. Na shiga ko'ina ina neman inda ake kashe ta, irin nasa ba a yi masa wannan maɓallin ba. Sau ɗaya ya tashi bayan doguwar jira, sau biyu ya ƙi. Daga nan na gane abin da ya rage: sai an ɗaga ta daga kan allon da zafi. In an yi daidai, ya manta da ita ya kama sabon disik. In hannu ya goce, an kashe shi har abada, kuma wani irinsa ba ya samuwa a nan kusa.

Da yamma na zauna gaban Yaya a kan tabarma na zayyana masa komai. Ya kafe ni da ido. Na ce, "Yaya, in yi?" Leɓensa ya motsa, sautin ya ƙi fitowa. Ban san ko i ce ko a'a ba. Na fito tsakar gida na yi kuka, na kuma ji haushinsa, Allah ya yafe mani, mutumin da bai taɓa rasa abin cewa a kaina ba.

Ranar kasuwar Gidan Rumji na naɗe akwatin a zanena na goyo na rungume shi a kan kabu-kabu. Duk ramin da muka faɗa sai na ce wa mai babur ya yi a hankali, har ya waiwayo ya ce, "Malama, ƙwai ne?" Na ce ya kalli gabansa.

Akwai wani mai gyaran salula kusa da ƴan hatsi, dattijo mai tabarau ɗaure da zare, wanda kowa ya sani wajen ɗaga ƙananan kaya daga allon waya. Rumfarsa cike take, ga jakai na kuka, ga masu auna wake na ciniki. Na buɗe masa akwatin na nuna ɗan baƙin abin, bai kai farcen babban yatsana ba.

Ya ce, "Wanga ai ƙarami ne. Mi kike wa rawar jiki?"

Na ce, "Baba, ba salula ba ce. Asibiti guda ke rataye da shi."

"To, in kin fi ni iyawa ga kujera."

Na ja baya na ba shi wuri. Ya kewaye wurin da takardar azurfa ta kwalin sigari don kada zafi ya taɓa maƙwabta, ya ɗiga wani mai, ya kunna bindigar iskarsa. Wari ya tashi. Kewaye da ƙwaƙwalwar akwai wasu ƴan ƙwayoyi da ba su kai ƙwayar gero ba, iska kaɗan za ta iya kwashe su. Ina kallo, bakina na ta salati. Sai ga wani da buhun gero a ka ya bangaji turken rumfar. Teburin ya girgiza.

Na yi ihu, "Innalillahi! Kai makaho ne?" Duk layin suka juyo suna kallona.

Dattijon ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Malama, ihunki ya fi buhun ba ni tsoro." Ya sa ɗan matsefinsa, ya taɓa a hankali, sai ga ta ta taso salin alin. Ya ajiye ta gefe ya ce a jira allon ya huce.

Jiran nan ya fi komai wuya. An yi kiran azahar, ya tafi masallaci ya bar ni da akwati buɗe a cinya, ban ko iya motsi ba. Da ya dawo muka jona akwatin a batirin rumfar, na haɗa ordinate ɗina, na danna. Baƙin allo. Na ƙirga har ashirin. Na ce shi ke nan, na kashe aikin Yaya da hannuna, da wane ido zan shiga gida? Sai fararen rubutu suka fara gudu. Ƙaramar fitilar akwatin ta koma koriya. Tsarin nan duka yana nan, ƙofa-ƙofa, yadda ya bar shi.

Na yi hamdala har da hawaye. Sannan na jira layin nan ya fito ya yi mani faɗa.

Bai fito ba. Na kashe na sake kunnawa, babu. Ashe ba ya cikin abin da na kwafa a kile, a can wani lungu na tsohuwar ƙwaƙwalwar Yaya ya rubuta shi, ni kuwa tsoro bai bar ni na tuna ba. Dattijon ya naɗe ta a guntun takarda ya miƙo mani. Na tambaye shi ko ana iya karanto abin da ke ciki. Ya girgiza kai ya ce wadda ta gaji haka, ta kuma sha wuta, ta gama magana.

Kafin la'asar na mayar da akwatin bangon buro. Muna tsaye sakamakon wata mai ciki ya shigo, majo ta rangaɗa guɗa har marasa lafiya suka leƙo.

A gida na durƙusa gaban Yaya na ce masa akwatinsa ya tashi. Na buɗe takardar na sa masa ɗan baƙin abin a hannunsa mai lafiya. Na ce, "Amma faɗan da kake mani yana cikin nan, Yaya. Na taɓa abin da ban sani ba."

Ya daɗe yana juya shi a tafinsa. Sannan ya dunƙule hannun, ya ɗaga shi da ƙyar, ya kai mani ranƙwashi a tsakiyar ka. Ko zafi babu. Na sunkuyar da kai na ce ya ƙara.